Zuciyar da Asta Ta Danna wa Na Gammo

Duk wanda ya san Kutama ya san muryar Asta, matar marigayi Sajo. In ta daka wa akuyarta tsawa a bayan gida, har akuyar maƙwabta sai ta shiga taitayinta. Doguwar mace ce, fara, mai siririyar fuska irin ta danginta, amma bakin nan nata bai gaji komai daga kawaicin Fulani ba. Ita ce mai raba faɗa a bakin famfo, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin faɗan ita ke tayar da shi. Mai sarin man shanu da ke zuwa daga Gwarzo ya taɓa kuskuren cewa man nata ya yi ruwa. Har yau in ya shigo unguwar sai ya fara leƙe ya ga ko tana tsakar gida. Duk da haka ba a suna ba a biki sai an aika mata, domin taron da babu Asta lami yake tashi.

Mutum ɗaya ne tak a duniya bakin Asta ke mutuwa a gabansa, shi ne ɗanta na fari, Badaruddeen.

A wani ɗan ƙauye da ke gefen Gammo, a ƙasar Kabo, aka haife ta. Iyayenta sun daɗe da jingine sandar yawo sun rungumi fartanya, ko da yake shanu ba su ƙare a bayan gida ba. Fulatanci ya tsere wa gidan tun zamanin kakanni, sai 'yan kalmomi da suka maƙale a baki. Kunya ce ba ta tsere ba. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa komai bajintar da ya yi. In ya tsala kuka a cikin taro sai dai wata ta ɗauke shi, uwar tana gefe tana kallon wani wuri kamar ba ta san ɗan waye ba.

Haka Asta ta yi da aka kawo ta Kutama ta haifi namiji. Da lokacin yaye ya yi, mahaifiyarta ta zo daga Gammo ta goya shi ta tafi da shi, kamar yadda aka saba. Asta ta raka su har bakin zaure tana dariya, tana tsokanar tsohuwar wai ta yi sabon ango. Da suka sha kwana ta koma ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. A ranar miyar gidan ba ta ga gishiri ba, kuma babu wanda ya tambayi dalili.

Can yaron ya girma a cikin ƙannen Asta. Ya ji suna ce mata Adda, wato babbar yaya, shi ma ya kama ce mata Adda. Ita kuwa in ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "Na Gammo". Ta haifi waɗansu bayansa, ta yi musu waƙa, ta zage su, ta rungume su, ta kira sunayensu har maƙwabta suka gaji da ji. Masu cewa wannan al'ada rashin ƙauna ce ba su san abin da suke faɗa ba. Ƙaunar tana nan, har ta fi ta sauran nauyi, don ba ta da ƙofar fita. Abin tausayin shi ne yaro ba ya ganin cikin mutum, abin da aka nuna masa kaɗai yake gani.

Badaru, kamar yadda kowa ban da uwarsa ke kiransa, ya tashi da hannun dabba. Ya koya wurin kakansa, ya ƙara da ɗan kwas na lafiyar dabbobi, ya yi aure ya zauna a Gammo. In saniya ta kasa haihuwa ko rago ya kumbura, shi ake buga wa waya. Yana kuma turke raguna don Babbar Sallah. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya hau babur ya zo Kutama gaida Adda. Zai durƙusa a ƙofar ɗaki ya jero gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, yaya ruwa, yaya shanu, yaya ƙafar, ita kuma ta amsa tana kallon ƙwarya. Daga nan duk maganar da ta rage sai ta bi ta kan wani. In ƙanwarsa Bilki, autar gidan da ke aure a cikin Gwarzo, ta zo, ta kanta ake bi. In ba ta nan, a bi ta kan Marka, matar yayan Sajo, tsohuwar da suke zaune gida ɗaya da Asta. In ita ma ba ta nan, kaza ma ta isa.

"Wasu dai sun rame," Asta za ta ce wa kaza. "Ko ba a girki ne a garinsu, oho."

"Ana yi," Badaru zai ce wa ƙasa. "Zirga-zirga ce ta yi yawa."

Bilki ce ta kawo fitinar. Da mijinta ya saya mata sabuwar waya, sai ta kawo wa Innarta tsohuwar wayar, ta buɗe mata shafi a Tiktok don ta riƙa jin wa'azi tana kallon masu girki. Ta sa mata suna Asta Kutama, da hoton ƙwaryar nono a madadin fuska. Rannan, da tsokana irin ta auta, ta miƙo mata wayar ta ce, "Inna, kin san wannan malamin?" Asta ta duba, sai ga Na Gammo tsaye a tsakiyar raguna yana bayanin yadda ake haɗa musu dusa da harawa da kanwa. Ashe ya daɗe da buɗe shafi yana koya wa mutane kiwo.

"Kawar min da abin nan," in ji Asta. "Ke ba ki da ta ido."

Amma idonta na kan yatsan Bilki, tana lura da inda ya bi. Da Bilki ta tashi tafiya, har ta yafa mayafi, Asta ta ce tana kallon rumbu, "Wurin masu tumakin nan, ta ina kika ce ake shiga?" Bilki ta ƙunshe dariya ta nuna mata. Asta ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, musamman wasu.

A nan ne Bilki ta nuna mata 'yar farar zuciyar da ke gefen kowane bidiyo. "Wannan ita ce laik, Inna. In abu ya burge ki sai ki taɓa ta, ta zama ja. Mai bidiyon zai ga sunanki, ya san kin so abin da ya yi. Wanda ya leƙa shafinki ma yana iya gani." Asta ta janye hannu kamar ta taɓa murfin tukunya mai zafi. Tun daga ranar ta gefe-gefe take riƙe wayar, yatsunta nesa da wannan kusurwa.

A cikin bidiyoyinsa akwai guda ɗaya da ya kama ta. Wata karsana ce ta yi haihuwar fari ta ƙi ɗan. Duk lokacin da maraƙin ya matso zai sha, sai ta ture shi da kai ta juya masa baya. Mai saniyar yana gefe yana faɗa, yana cewa muguwa ce, kasuwa zai kai ta. Badaru ya durƙusa, ya barbaɗa gishiri da 'yar dusa a bayan maraƙin, ya shafa wuyan uwar, yana magana a hankali da muryar nan da ta ɗauko ta Sajo sak. "Ku yi mata haƙuri," yake cewa. "Ba ƙinsa take yi ba. Haihuwar fari ce, ba ta san ta inda za ta fara ba." Can karsanar ta sunkuyo ta lashi gishirin, ta sake lasa, ta ci gaba da lasa bayan gishirin ya ƙare, maraƙin ya lallaɓa ya kama nono. Iyakar bidiyon ke nan, babu kiɗa babu barkwanci.

Asta ta gano cewa in ba a taɓa wayar ba, bidiyo yana ƙarewa ya sake farawa da kansa. Sai ta riƙa jingine ta a jikin randa in ta shiga ɗaki kaɗa nono, ta rage murya, ta bar shi yana ta zagayawa tun hantsi har azahar. Mai caji da ke bakin titi ya saba da ganinta kullum, har yana cewa wa'azin nan ya shigi Inna sosai. Rayuwarta duka satar kallon ɗanta take yi ta wutsiyar ido. Yanzu ga shi a tafin hannunta, ta kalle shi son ranta, babu mai cewa ta yi rashin kunya. Ba ƙaramin daɗi ta ji ba a wannan damina.

Ana cikin haka, gab da Babbar Sallah, wani ƙaton ragon Badaru ya same shi a sunkuye yana bayani, ya ja baya ya tunkuye shi, sai ga malamin kiwo cikin kwamin ruwa, ƙafafu a sama. Badaru ya ɗora bidiyon don wasa. Kafin a ankara laik ya haura dubbai. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Gammo ba suka yi ta rubutowa a sake. Ya kuwa sake, wannan karon da gangan, ya kafa tsohuwar malafa ya juya wa ragon baya. Asta ta gani sau ɗaya ta kife wayar. Jikan mutanen da ake matsa musu wuri in sun shigo kara, kasuwar shanu, yau shi ne abin dariyar yaran birni. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ga shi ba ta da bakin faɗa.

Juma'ar da ta biyo baya Bilki na gida. Badaru ya gama gaisuwa ya koma gindin darbejiya ya zauna da ƙanwarsa. Asta na bakin ɗaki tana tsintar wake, kunnenta kuwa yana can gindin bishiya.

"Yaya, wai ka koma ɗan wasan kwaikwayo ne yanzu?" in ji Bilki.

"Ke ba za ki gane ba," in ji Badaru. "Abin nan lissafi gare shi. Duk abin da masu harkar suke cewa a yi na yi. Na daina dogon bayani. Ina sakin bidiyo bayan magariba, lokacin da mutane suka zauna. Ina fara shi da abin da zai tsayar da ido, in yi tambaya a ƙarshe, duk wanda ya yi kwament in ba shi amsa. Ya ɗan taimaka, ba zan ce bai taimaka ba. Amma injin da ke raba bidiyon nan ba ruwansa da wahalarka. Abin da yake dubawa shi ne, cikin waɗanda suka kalla, nawa ne suka danna laik. In an kalla an danna, sai ya kai wa wasu. In an kalla an wuce, sai ya ce abin nan ba shi da daɗi, ya danne shi."

"To ai kana samun masu kallo."

"Nan ciwon yake. Kin ga na karsanar nan? Duk bidiyoyina na kiwo babu wanda ya kai shi yawan kallo. Kullum na duba sai in ga ya ƙaru, kullum. Amma laik ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kin san ma'anar haka? Mutane suna gani, ba ya burge su. Gara a ce ba a kalla ba sam. Shi na fi so a raina, shi kuma ya fi ba ni kunya."

Bilki ta saci kallon Innarta. Innar kuwa ta tsinci wake mai kyau ta watsa wa kaji, ta bar mai ƙwari a faifai. Ba ta yi boko ba, amma ta gane sarai. Ashe duk zaman nan da take yi a gindin randa, tana ganin ba ta cutar da kowa, ita ce ke danne masa abin da ya fi so.

Ƙarar babur ɗinsa na ɓacewa Bilki ta juyo. "Inna, ke ce fa. Duk zagayen da bidiyon ya yi a ɗakinki ana ƙirga shi a kallo. Ki taɓa masa zuciyar kawai, ko ki sake ni daga rantsuwar nan in faɗa masa."

"Ki kiyaye ni," in ji Asta. "Sunana a ƙarƙashin hotonsa, duk Gammo da Kutama su gani? Da wane idon zan kalli dangin ubanku?"

Sai ta nemi hanyar da ba ta keta kunya ba. Washegari a bakin famfo ta ce wa matan da ke da manyan wayoyi akwai wani yaro mai maganin dabbobi a wajen Kabo, su taɓa masa zuciya don Allah. Duk sun san ɗan waye, suka yi kamar ba su sani ba. Suka nemo shi, bidiyon rago ya fara faɗo musu, suka yi ta dariya har bokitai suka cika suka zube, kowace ta danna wa wancan. Asta ta ɗauki tulunta ta tafi.

Daga nan ta yanke shawara irin ta gidansu. Tunda kallonta ne ke cutar da shi, sai ta haƙura da kallon. Ta naɗe wayar a tsumma ta tura ta ƙasan kwalla ta rufe. Wannan mako Kutama ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: Asta ta je famfo ta dawo ba ta yi faɗa da kowa ba. Mata suka riƙa shigowa suna tambayar ko jikin ne. In ta zauna kaɗa nono sai ɗakin ya yi mata faɗi. Ta riga ta haddace bidiyon, ta san inda maraƙin zai yi tuntuɓe, ta san inda muryar za ta sauka, amma hadda daban, ji daban. Ta daure, tana cewa a ranta ai don shi take yi.

Wata Juma'ar ta zagayo, Bilki ta sake zuwa don hankalinta bai kwanta ba. Badaru ya iso fuska babu walwala. Ya yi gaisuwa ya koma gindin darbejiya.

"Na karsanar nan ya mutu," ya ce wa Bilki. "Kusan mako guda ke nan kallon ya tsaya cak. Masu kallon da ba sa dannawa ma sun gaji. Gobe in Allah ya kai mu zan goge shi, da shi da sauran na kiwon duka. Akwai wasu masu barkwanci a Kano, sun ce in zo da ragon mu haɗa shafi."

"Haba Yaya, don Allah kada ka yi haka."

"Bilki, ba don yawan ba ne kaɗai." Ya rage murya, amma bai rage ta yadda ba za a ji a bakin ɗaki ba. "In ka yi abu da zuciya ɗaya, akwai waɗanda kake so a ce sun gani, ko sau ɗaya ne. Na san kin buɗe shafi a wayar gidan nan. Ina duba sunaye, Bilki. Kullum ina dubawa."

Ya tashi ya je ƙofar ɗaki ya durƙusa. "Adda, zan koma."

"A gaida mutanen gida," ta ce wa faifai.

Maganar ta soki Asta inda ba ta yi zato ba. Shekara da shekaru tana ɗauka ya gane, tunda a cikin al'adar ya tashi. To ita ma ai 'yar fari ce. Sai ta tuna yadda take zama a gefen tabarmar mahaifiyarta tana jiran ta kalle ta ido da ido ko sau ɗaya, har aka kai tsohuwar makwancinta ba ta samu ba, ta ce wa kanta ba komai. Ashe da komai. Ta sani sarai tsohuwar na sonta, amma sanin bai taɓa ƙosar da ita ba.

Da safe ta sami Marka tana shanya kuɓewa. Ta gaishe ta, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Yaya, a ce wata mace ce, ɗanta na fari ya yi wani abu mai kyau, sai ta nuna a fili ta so abin. Yaya za a ce da ita?"

"A ce ta zubar da mutuncin gidansu," in ji Marka, ba ta ko ɗago ba. "Mu ba haka muka taras ba." Ta ci gaba da baza kuɓewarta. Sai da Asta ta juya za ta tafi tsohuwar ta ƙara da cewa, "Nawa ɗan farin ya daɗe a ƙasa. Har yau ban san yadda sunansa yake a bakina ba. Ni dai ban ce ki yi ba, ban kuma ga komai ba, idon nan nawa ya yi rauni."

Asta ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla ta warware tsumman. Wayar ta mutu murus, babu ko ɗigon caji. Rana kuwa ta fara ɗagawa, kuma yau ne ya ce zai goge. Matar da ba a taɓa ganin tana sauri ba sai ga ta tana ratsa lungu, takalmi ɗaya nata ɗaya na Marka.

Mai caji ya jona wayar ya ce ta je ta dawo bayan azahar. Ta ce ba inda za ta. Ta tsaya a gaban rumfar tana kallon baƙin gilashin kamar mai jiran nono ya tafasa. Da wayar ta kawo haske sai ta ce ya miƙo mata. Ya ce in aka zare za ta sake mutuwa. Ta ce to kada ya zare. Ta durƙusa nan bakin titi iyakar inda igiyar cajin ta kai, masu babur na wucewa, ta ja mayafi ta lulluɓe kanta da wayar gaba ɗaya, kamar amaryar da surukai suka shigo wa.

A cikin duhun mayafin ta bi hanyar da ta sani. Ta wuce rago, ta wuce malafa, ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa. Yana nan. Karsanar ta juya baya, maraƙin ya yi tuntuɓe, muryar ta ce a yi mata haƙuri. Asta ta kalli 'yar farar zuciyar nan da ta yi wata da watanni tana kauce wa. Ta ce bismillahi ta taɓa, ta zama ja.

Mai caji ba ya riƙe magana, ya kuma ji muryar da ke fitowa daga ƙarƙashin mayafi. Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Da ta je famfo wata ta ce, "Asta, an ce yau an yi wa ɗan fari zuciya a bakin titi?" Aka kwashe da dariya, aka zuba ido ana jiran ruwan masifa. Asta ta sunkuyar da kai a kan tulunta. Ta ji kunya har cikin ƙashinta, kunya ta gaske, irin wadda ke sa mutum ya so ƙasa ta tsage. Ta cika tulunta ta wuce, amma ba ta yi nadama ba.

Bayan la'asar ta ji ƙarar babur a ƙofar gida, ga shi ranar Asabar ce. Marka ta miƙe da sandarta ta ce za ta leƙa maƙwabta, tana fita ta kora kajin gaba ɗaya ta ja ƙyaure. Badaru ya shigo ya durƙusa a inda ya saba. Ya yi ina wuni, ya yi ina gajiya, gaisuwar ta ƙare. Babu Bilki, babu Marka, babu ko kaza. Asta ta duba hagu ta duba dama ba ta ga wanda za ta bi ta kansa ba.

"Adda," ya ce, "na gani."

Ta ci gaba da dama furar da ke gabanta.

"Na buga wa Bilki. Ta ce tunda mai rantsar da ita ta tona kanta, rantsuwa ta faɗi. Ta ce kallon nan mai yawa, da wanda ya tsaya, duk a ɗakin nan ne."

"Bakin yarinyar nan kamar rariya," in ji Asta. "Wayar ce ke maimaitawa da kanta. Ni ina ruwana."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sa gefen hannun riga ya goge fuska. "Ban goge ba, Adda. Ba zan goge ba."

"Ragon nan mai tunkuyi," ta ce, "ga Sallah ta zo. A nema masa mai saye."

"An gama."

Ta ɗauki ludayi ta sa a cikin ƙwaryar, ta tura masa ita har gabansa da hannunta, abin da a da sai dai ta ba wani ya miƙa. Sannan ta ɗago ta kalle shi, ido da ido, ta ga ashe har furfura ta fara fito masa a gemu ba ta sani ba.

"Abin da ka faɗa a kan karsanar nan, gaskiya ne," ta ce. "Ni ma ba ƙi ba ne. Ban san ta inda zan fara ba."

Badaru ya sunkuyar da kai a kan ƙwaryar, kafaɗunsa na motsi. Ba ta kira sunansa ba, har yau ma ba ta kira ba. Amma ba ta kawar da kai ba, ta zauna tana kallonsa har ya shanye furar.